Wa'adin Neman Diyyar Rauni a Wurin Aiki Ba Ya Jiran Alkawarin Maigida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi duk wanda ke fita da safe ya yi wa wani aiki a biya shi, wato wa'adin da doka ta yanka wa ma'aikaci ya sanar da raunin da ya ji a bakin aiki, da kuma wa'adin da ta ba shi ya shigar da takardar neman diyya. Na daɗe ina aikin akawu a nan Gombe kafin in yi ritaya, albashin leburori da direbobi da masu gadi ya sha bi ta hannuna, amma ina jin nauyin faɗa cewa ban san waɗannan kwanaki da kyau ba sai da abin ya faɗo cikin gidanmu. Idan wanda ya tsufa tsakanin fayil da biro bai sani ba, ina ga yaron da ya bar makaranta a aji uku ya kama lodin buhu a Tudun Hatsi?

Ɗan ƙanwata ne, magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu, yana aiki a wata masana'antar casar shinkafa da ke bayan gari. Wata ranar Laraba bayan la'asar, an kawo wuta an tayar da inji, sai bel ya fara zamewa, shi kuma ya kai hannu zai daidaita shi injin na gudu, kamar yadda ya saba ganin na gaba da shi suna yi kullum domin kada aiki ya tsaya. Bel ɗin ya kama hannun rigarsa ya ja har da hannun. Kafin a kai ga kashe injin, yatsu uku na hannunsa na dama sun tafi, ƙashin hannun kuma ya karye wuri biyu. Abokan aikinsa suka ɗaure hannun da tsumma suka sa shi a Keke Napep zuwa asibiti. Lokacin da na isa na tarar da shi kwance, ƙurar ɓuntu ta rufe masa gashi da gira, abin da ya fara ce mini shi ne, "Kawu, kada a gaya wa Inna tukuna."

Ba zan zalunci mai masana'antar ba. A daren nan ya zo asibiti da kansa, ya biya kuɗin tiyata da na magani, ya aika da buhun shinkafa gida, ya kuma sa aka ci gaba da ba yaron rabin albashinsa har wata 4. Da bakinsa ya ce, a gabana, "Ka kwantar da hankalinka, kai ɗanmu ne, idan ka warke za mu zauna mu san abin da za a yi maka." Muka yi godiya, ni ne ma na ja dattawan gida muka je har gidansa muka ƙara yin wata godiyar. Babu wanda ya rubuta komai, babu wanda ya ambaci wata hukuma, kuma da wani daga cikinmu ya tayar da zancen takarda a wannan zama, da mu ne za mu fara hararar sa mu ce ba shi da kunya. Daga nan aka shiga gobe da jibi. Da farko aka ce a bari kaka ta yi, sannan aka ce kaya ba su fita ba, sannan aka ce Alhaji ya tafi Umara, daga baya aka canja manaja, sabon ya ce shi bai tarar da wannan magana a rubuce ba, kuma gaskiyarsa ce. Sai a wata na 14, a wurin wani ɗaurin aure a Pantami, wani tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago ya ji labarin ya tambaye ni ranar da abin ya faru. Da na faɗa masa, ya ƙirga a yatsunsa, ya girgiza kai ya ce mun makara da wata biyu.

Dokar da yake nufi ita ce Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta shekarar 2010, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a watan Disamba na wannan shekara, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987 da ta bar wa kowane maigida nauyin biyan ma'aikacinsa. A sabon tsarin an ɗora wa hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, alhakin riƙe wani asusu na bai-ɗaya, inda kowane mai ɗaukar ma'aikata yake zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata, kuma dokar ta hana shi cire ko sisin kwabo daga albashin ma'aikaci domin biyan wannan kaso. Daga asusun ne ake biyan wanda ya ji rauni, ko ya nakasa, ko ya kamu da cuta saboda aikinsa, da kuma iyalan wanda ya rasu. Dokar ta haɗa ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, kuma ma'anar da ta ba kalmar ma'aikaci tana da faɗi ƙwarai, domin ta shigar da na dindindin da na wucin gadi, da ɗan koyo, da lebura mai aikin yini, har da mai aikin gida matuƙar shi ba ɗan gidan ba ne. Sojoji kaɗai aka ware, ban da farar hular da ke aiki tare da su.

Duk wannan alheri an ɗaure shi da kwanaki, kuma nan ne mutanenmu ke zamewa. Sashe na 4 na dokar ya ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da maigidansa cewa ya ji rauni ko ya kamu da cuta ta dalilin aiki, idan kuwa rasuwa aka yi, nauyin sanarwar yana kan iyalan da mamacin ke ɗauke da su. Ana ƙirga kwanakin ne daga ranar da abin ya faru ko ranar da labarinsa ya iso. Sashe na 5 ya juya kan maigida, ya ba shi kwana 7 ya kai wa hukuma rahoton raunin, rasuwa kuma a kai rahotonta nan take, kuma ƙin yin hakan laifi ne a ƙarƙashin dokar. Sashe na 6 shi ne mai zafin, domin ya ce ba za a biya diyya ba sai an shigar da takardar nema, a kan fom ɗin da hukuma ta tanada, ɗauke da sa hannun ma'aikacin ko na magajinsa, cikin shekara 1 daga ranar rauni ko nakasa ko rasuwa. Idan hukuma ta gamsu cewa akwai wani uzuri na musamman da ya hana shigar da takardar cikin shekarar, tana iya karɓar ta muddin ba a wuce shekara 3 ba.

A lamarin ɗan ƙanwata, kwana 14 ba su ne matsalarmu ba. Dokar da kanta ta yi sassauci a nan, ta ce rashin sanarwa ba zai hana diyya ba idan hukuma ta gamsu cewa maigida ko wakilinsa ya san abin da ya faru, ko kuma rashin sanarwar bai cutar da shi ba kuma adalci ya buƙaci a saurari mai neman. Mutumin da ya biya kuɗin tiyata a daren da abin ya faru ba zai ce bai sani ba. Shekara guda ɗin ce ta kuɓuce mana muna zaune muna jiran a kira mu a zauna. Abin da ya rage mana yanzu shi ne ƙofar uzuri na musamman, ita kuwa wannan ƙofa mabuɗinta yana hannun hukuma, ta ga dama ta buɗe ta ga dama ta bari a rufe, gwargwadon hujjar da aka kawo mata. Wanda ya shigar da takardarsa a wata na 11 haƙƙinsa yake nema, wanda ya kawo ta a wata na 14 sai ya fara da bayanin abin da ya tsare shi, kuma ban ga inda dokar ta ce alkawarin baki da maigida ya yi yana tsayar da ƙirgen kwanaki ba.

Abin da ya fi ci mini rai, da na zauna na fahimci tsarin, shi ne kunyar da muka ji ba ta da tushe tun farko. Mun ɗauka neman diyya daidai yake da kai ƙarar mutumin da ya yi mana alheri, alhali kuɗin ba daga aljihunsa za su fito ba, daga asusun da ya riga ya zuba kasonsa a ciki ne. Dokar kuma ba ta gina biyan diyya a kan sai an tabbatar maigida ya yi sakaci ba, abin da take dubawa shi ne ko raunin ya samu ne a cikin aiki ko ta dalilinsa. Saboda haka yaron da ke zargin kansa cewa shi ya kai hannu, da maigidan da ke tsoron a ce injinsa ba shi da murfi, duka biyun sun yi shiru ne a kan abin da ba zai hana biyan diyya ba. Akwai kuma wata al'ada da ta zama ruwan dare a garuruwanmu, a kira wanda ya ji rauni da wani babba nasa, a ba shi 'yan kuɗi a ce an daidaita a gida, wani lokaci har a sa ya dangwala hannu a takarda cewa ya yafe sauran. Ya kamata jama'a su sani cewa sashe na 13 ya haramta wannan, duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da maigida ta barin diyyarsa ba ta da ƙarfi a gaban doka. Sai dai wanda ya dangwala hannu yakan ɗauka magana ta mutu, ya koma gida ya zauna, kwanaki kuma suna ta tafiya.

Wani abin da ke cinye wa'adin shi ne yadda muke jinya. Mu mutanen wannan yanki, da zarar an ce karaya ce, zuciyarmu tana wajen mai ɗori, kuma ba na raina masu ɗori, na ga waɗanda suka warke a hannunsu. Amma mai ɗori ba ya ba da kati, ba ya rubuta ranar da aka kawo mutum, ba ya ɗaukar hoton ƙashi. Birkila ya faɗo daga kan gini a Gombe, 'yan'uwa su ɗauke shi zuwa ƙauyensu a Dukku ko Nafada ko Kumo, ya kwanta wata uku da karare a ƙafa, ya dawo yana ɗingishi ya tarar ginin an gama, ɗan kwangila ya kwashe kayansa ya koma wani gari. Wa zai shaida cewa a kan wancan gini ya faɗo, kuma a wace rana? Ko wanda ya je asibiti ma, sau da yawa idan likita ya tambaye shi me ya same shi, sai ya ce tsautsayi ne kawai, ko ya ce faɗuwa ya yi, wani ma an ja masa kunne tun daga wurin aiki cewa kada ya ambaci sunan kamfani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da aka rubuta a katin asibiti a ranar farko shi ne shaidar da ta fi kowace nauyi daga baya, don haka ya wajaba mutum ya faɗa wa likita a fili cewa a wurin aiki ne, inji kaza ne, da ƙarfe kaza, ya kuma adana kati da rasit da hoton ƙashi kamar yadda yake adana takardar gidansa.

Ƙananan raunuka ma sun fi yaudara. Ƙusa ta soki lebura a tafin ƙafa, ko mai lodi ya ji bayansa ya yi ƙara lokacin da ya sunkuci buhu, ko tartsatsin walda ya faɗa wa yaro a ido, sai a wanke da ruwa, a sha maganin ciwon jiki, a koma aiki, domin wanda bai fito ba ranar ba shi da kuɗin cefane. Bayan wata guda ƙafa ta kumbura ta ruɓe, ko bayan ya riƙe, ko ido ya fara hazo, a lokacin kwana 14 sun daɗe da wucewa, kuma maigida zai iya cewa da gaskiyarsa babu wanda ya gaya masa. A irin wannan ne sassaucin da na ambata ba zai yi aiki da sauƙi ba.

Sanarwar kuwa ba wani abu ne mai wuya ba. Abin da dokar ta nema shi ne sunan ma'aikacin, da lokaci da wurin da abin ya faru, da irin raunin da musabbabinsa idan an sani, a faɗa da magana ta yau da kullum, a miƙa wa manaja ko helma ko mai kula da agajin gaggawa ko wani wakilin maigida da ya dace. Layi huɗu ko biyar sun isa. Shawarata ita ce a rubuta kwafi biyu, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗaya a dawo da shi gida, idan kuma ya ƙi sa hannu, a tura masa saƙon ta waya ko ta WhatsApp domin ranar ta zauna a rubuce, a kuma riƙe sunayen abokan aiki biyu da suka ga abin. Wanda ke kwance a asibiti ɗan'uwansa ya rubuta masa. Ba na jin Musulmi yana da dalilin ganin rubutu a matsayin rashin yarda, tunda aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi tsakanin mutanen da suka yarda da juna. Haka nan masu cewa karɓar diyya ja da ƙaddara ne, su tuna aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan da aka yi bisa kuskure, alhali babu mai shakkar cewa ajali ne ya zo.

Inda abin ya fi ban tausayi shi ne idan rai aka rasa. Kwana 14 na farko su ne kwanakin zaman makoki, gida cike da masu ta'aziyya, babu mai tunanin takarda, kuma wanda ya yi zancen kuɗi a lokacin za a ce dama jira yake. Matar mamacin, wadda ita da 'ya'yanta ne dokar ta fi tanadar wa, ta shiga takaba ta wata 4 da kwana 10, ba ta fita sai da larura. Kafin ta fita, kusan kwana 130 sun tafi daga cikin shekarar da aka ba ta, sannan a shiga rabon gado, wataƙila ta koma gidan iyayenta a wani gari. Abin da ake shirin asara kuwa ba ƙarami ba ne, domin dokar ta tanadi cewa matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye, waɗanda suka dogara da mamacin, za a riƙa biyan su kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata, mai ɗa ɗaya kuma kashi 85. Wannan shi ne kuɗin makaranta da na hatsi na marayu har su tasa. Ina ganin a duk gidan da aka yi irin wannan rashi, ya kamata a ranar sadakar uku dattawa su naɗa mutum ɗaya, wa ko ƙanen mamacin, a ce wannan aiki nasa ne, ya kai sanarwa, ya karɓi takardar shaidar rasuwa daga asibiti, ya je ofishin hukuma ya karɓo fom ya kawo wa matar har ɗaki ta sa hannu.

Akwai wa'adi guda da ya fi sauran ɓoyuwa, kuma ya shafi haɗarin hanya. Dokar ta ɗauki raunin da ma'aikaci ya ji a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki a matsayin wanda ake biya wa diyya, abin da mutane da yawa ba su sani ba. To amma idan wani ne daban ya jawo haɗarin, misali direban wata mota ya buge malamin makaranta a kan babur yana hanyar zuwa aji, ma'aikacin yana da zaɓi, ko ya kai wancan mutum kotu ko ya nemi diyya daga asusu, kuma idan diyyar asusu ya zaɓa, sashe na 12 ya ce ya yi hakan cikin wata 6, sai fa idan hukuma ta ƙara masa lokaci. Wanda ya zaɓi kotu ya rufe wa kansa ƙofar asusu. Duk wanda ya san yadda ake jan maganar haɗari tsakanin ofishin 'yan sanda da shugabannin tasha da masu shiga tsakani, ya san wata shida ba komai ba ne.

Cututtukan aiki kuma nasu lissafin daban ne, domin ba su da ranar da za a nuna a ce yau abin ya faru. Jiharmu tana da masana'antar siminti a Ashaka, da haƙar kwal a Maiganga, da wuraren fasa dutse, da gurzar auduga, da injinan casa da na niƙa da na matsar man gyaɗa birjik, kuma ƙura da ƙara su ne abokan zaman masu waɗannan ayyuka. Ƙurar dutse tana taruwa a huhu shekara da shekaru kafin mutum ya fara haki, ƙarar inji tana cin ji a hankali har sai iyali sun lura sai an ɗaga murya yake amsawa. Dokar ta san da waɗannan, ta yi tanadi na musamman ga cutar aiki da kuma raunin ji, kuma shekarar ana ƙirga ta ne daga lokacin da cutar ta nakasa mutum. Don haka ranar da likita ya ce wa mutum tarin nan ko kurumtar nan tana da alaƙa da aikinsa, ranar ya kamata ya nemi a rubuta masa, ya sanar da maigida, ya fara bin takarda, kada ya tsaya sai ya gwada jiƙe-jiƙe na wata da watanni.

Ko bayan an shigar da takarda, ƙirge bai ƙare ba. Wanda hukuma ta yanke masa hukuncin da bai gamsu da shi ba yana da kwana 180 ya rubuta mata ya nemi ta sake dubawa, idan ya bari suka wuce ya rasa wannan dama, daga nan kuma sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Ni a nawa ganin kwana 14 sun yi kaɗan ga ƙasa irin tamu. A Amurka, inda kowace jiha ke da nata wa'adin, jihohin New York da Kalifoniya sun ba ma'aikaci kwana 30 ya sanar da maigida, New York kuma ta ba shi shekara 2 ya shigar da takardar nema, alhali can kusan kowa ya iya karatu kuma asibiti na rubuta komai. Mu da ma'aikacinmu zai iya kwana goma bai farfaɗo sosai ba, danginsa suna ƙauye, dokar kuma tana cikin Turancin da ko mai digiri sai ya nutsu, an ba mu kusan rabin wannan. Ina kira ga 'yan majalisarmu na tarayya daga Gombe da Bauchi, duk ranar da aka buɗe wannan doka domin gyara, su nemi a tsawaita kwanakin sanarwa, su kuma nemi a rubuta ƙarara cewa idan maigida ya ƙi kai rahoton da aka wajabta masa cikin kwana 7, ba za a ƙirga wa ma'aikaci wannan jinkiri ba. Ba daidai ba ne wanda ya san doka ya yi shiru, sannan wanda bai sani ba ya ɗauki asarar shirun.

Kafin a kai ga gyaran doka, akwai abin da ba ya buƙatar majalisa. Ina roƙon hukumar NSITF ta yawaita bayani a gidajen rediyonmu da Hausa da Fulfulde da Tangale da Tera da Waja, ta riƙa maimaita lambobin nan, 14 da 7 da shekara 1, har yaro ya haddace su kamar yadda aka haddace mana ranakun rigakafin shan inna. A buga su da manyan baƙaƙe, da boko da ajami, a liƙa a ƙofar kowace masana'anta da kowane sashen karɓar haɗari na asibiti, domin ɗakin jiran asibiti ne wurin da dangi ke zaune sa'o'i ba abin yi sai kallon bango. Ƙungiyoyin ƙwadago kuma, da suke tara mu a filin wasa ranar 1 ga Mayu a yi maci a yi jawabin ƙarin albashi, su ware ko minti biyar su karanta wa jama'a waɗannan kwanaki.

Su kuma masu masana'antu da 'yan kwangila, da yawansu mutanen kirki ne da na sani muke sallah a sahu ɗaya, ina tunatar da su cewa takardar shaidar biyan NSITF ba don neman kwangilar gwamnatin tarayya kaɗai aka yi ta ba, ko da yake na san saboda ita ne wasu suka fara yin rajista. Wanda ya zuba kasonsa, sannan yaronsa ya ji rauni ya ƙi kai rahoto, ya yi asara biyu, ya biya asusu kuma ya biya asibiti daga aljihunsa, yaron kuma ya tashi a tutar babu. Wanda bai yi rajista ba kuwa, ko ya yi amma ya ɓoye sunayen leburorinsa domin kason ya ragu, ya sani cewa abu na farko da za a bincika ranar da tsautsayi ya faɗa shi ne wannan jerin sunaye.

A namu lamarin, da muka bincika sai muka tarar masana'antar tana da rajista, sunan yaron kuma yana cikin takardar albashi, wato da an kai rahoto a makon farko da ba a kai ga wannan wasiƙa ba. Mun cike fom, mun haɗa da katin asibiti da hoton ƙashi da rasit ɗin tiyata da Allah Ya sa matarsa ta adana a cikin kwalla, da bayanin abokan aikinsa biyu, da wata doguwar takarda da na rubuta da hannuna ina zayyana yadda aka yi ta ɗaga mana zama wata bayan wata. Mai masana'antar, da aka fahimtar da shi cewa ba aljihunsa ake nema ba, ya sa hannu a nasa ɓangaren ba tare da gardama ba, har yana cewa da ya sani da tuni an wuce wurin. Yanzu muna jiran abin da hukuma za ta yanke a kan uzurinmu. Shi kuwa yaron yana tsare wa wani maƙwabcinmu shagon kayan masarufi, yana koyon ƙirga canji da hannun hagu, kuma da hagun ya sa hannu a kan fom ɗin.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon akawu,
Jekadafari, Gombe.